Asabar: Duhu Biyu a Fuskar Talabijin

Tun bayan sallar asuba na ƙudiri aniyar cewa yau ba zan kwanta ba sai tsohuwar kwamfutar Kawu ta nuna hoto mai kyau a talabijin. Commodore 64 ce, irin wadda aka fara fitarwa a 1982, ya zo da ita daga Ingila bayan ya kammala karatu, kuma ta shafe shekaru a cikin kwali a saman wadirof kafin ya ce in ɗauka, tunda a cewarsa ni kaɗai ne a zuriyar nake da haƙurin irin waɗannan tarkace. Ba ta da allon kanta. An yi ta ne domin a jona ta da talabijin na gida ta ramin eriya, ta riƙa aika hoto da sauti kamar wata 'yar ƙaramar tasha a lamba 36 ta zangon UHF. Filoginta mai ƙafa uku ne irin namu, ƙarfin wutar Ingila kuma ya yi kusa da namu, saboda haka ta wannan ɓangaren ban sha wahala ba.

Na fito da tsohon talabijin ɗinmu mai ƙeya, domin shi ne tsaranta, na cusa wa kwamfutar harsashin wasan ƙwallo, wato ɗan akwatin da wasan ke ciki, mai suna International Soccer na 1983, na sa talabijin ya nemi tasha da kansa. Ya kama. Filin ƙwallo ya bayyana, amma a wani irin yanayi mai ban tausayi: sauti babu sai shuu kamar ana ruwan sama a kan kwano, wasu siraran layuka a karkace sun lulluɓe hoton kamar ƙayar kifi suna kaɗawa, sannan wasu faffaɗan duhu guda biyu, a kwance daga gefe zuwa gefe, suna tafiya a hankali, ɗaya na bin ɗaya, idan sun ɓace a wannan baki su sake ɓullowa a wancan.

Abin da ya fara zo mini a rai shi ne talabijin ɗin ya tsufa, har na fara lissafin kuɗin gyara. Kafin in ɗora masa laifi sai na jona masa dikoda ta ramin AV, hoto ya fito tas, babu layi babu duhu. Wannan ya wanke shi, ko aƙalla ya wanke mafi yawansa, ya kuma nuna mini cewa kuskurena na farko shi ne ɗaukar duk abin da nake gani a matsayin ciwo guda. Shuu ɗin ba ya canzawa, ƙayar kifin tana ƙaruwa tana raguwa, duhun kuma yana tafiyarsa da saurinsa ɗaya, bai damu da sauran ba. Abubuwa ukun da halinsu ya bambanta haka da wuya a ce uwarsu ɗaya.

Maganar sauti ba ta ɗauki minti biyar ba. Talabijin na Ingila yana bin tsarin da ake kira I, wanda ke ajiye sauti megahaz 6 nesa da hoto, namu kuma na tarar an saita shi a B/G, inda tazarar take megahaz 5.5. Wato yana kasa kunne ne a inda babu mai magana. Da na canza tsarin da rimot, sai ga ƙarar usur da ihun 'yan kallo.

Ƙayar kifin ce ta fara gwada haƙurina. Na ɗauki dokar cire abu ɗaya a lokaci ɗaya, in duba allo, sannan in mayar da shi kafin in taɓa na gaba, domin idan mutum ya kashe komai a tare hoton ya gyaru, bai san wa zai kama ba. Fanka ba ta da hannu a ciki. Firji ma haka. Da na kashe ƙwan lantarki na falo, irin fararen nan marasa cin wuta, layukan sun ɗan ragu amma ba su tafi ba. Sai da na leƙa bayan kujera na ga cajar wayar uwargida a jone a kan soket ɗin da kwamfutar take, wata 'yar mara nauyi da aka saya a bakin titi, ko waya babu a jikinta. Ina zare ta layukan suka ɗauke kamar an share da tsumma, ina mayarwa suka dawo. Na yi haka sau uku don kada in zalunce ta. Irin waɗannan caja da ƙwayayen fitila suna kunna wuta su kashe sau dubbai a cikin sakan ɗaya, kuma masu arha daga cikinsu ba a sa musu abin tace hayaniyar da hakan ke haifarwa, sai ta bi waya ta bi iska. A zamanin da aka ƙera kwamfutar nan babu irinsu birjik a ɗakunan mutane. Ita ma wayar eriyar da na yi amfani da ita ta taimaka wa ɓarnar, domin da na fere bakinta na ga ragar ƙarfen da ya kamata ta kare zaren tsakiya 'yan silalla ne da ba su kai a ƙirga ba. Na maye ta da guntun wayar dish mai kauri, ban sake ganin ƙayar kifi ba ko da ƙwan falo a kunne.

Saura duhun nan biyu, kuma su ne suka cinye mini yini. Na sauya soket, na raba wayoyi, na nisantar da tubalin wutar kwamfutar, wato akwatin da ke tsakaninta da soket yana ba ta wuta, daga talabijin, na sake daidaita tasha da hannu, duk a banza. Wajen ƙarfe goma sha biyu aka ɗauke wuta. Na yi jinkiri kafin in ɗora na'ura mai shekaru sama da arba'in a kan ƙaramin janareta, kuma har yanzu ba na ganin dabara ce da zan ba wani shawarar ya yi, amma na bi ta sitabilaiza na kunna. Nan ne abin ya tona kansa. Duhun da ɗazu yake tafiyar hawainiya ya koma gudu, kuma duk lokacin da injin ya sauya murya, kamar sa'ad da firji ya tashi, saurin nasu ma sai ya sauya. Sitabilaiza ƙarfin wuta take daidaitawa, ba ta da iko a kan sau nawa wutar ke kai da komowa a sakan. Kwamfutar tana zana hoto sau 50 da ɗan ɗoriya a kowane sakan, wutar gari tana kaɗawa kusan sau 50, kuma ɗan bambancin da ke tsakaninsu shi ne yake sa duhun rarrafe. Janareta ya faɗaɗa bambancin, duhu ya ƙara sauri. Ke nan ba daga iska yake shigowa ba, kaɗawar wutar ce da kanta take ratsawa har cikin hoto.

Bayan azahar na naɗe kwamfutar da tubalinta a cikin tawul na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a unguwarmu, wanda tun ina yaro nake ganinsa a bakin teburinsa da ayan a hannu. Bai taɓa ganin Commodore ba, ya juya ta yana murmushi ya ce wannan ai tafireta ce. Na fara yi masa dogon bayani, sai ya katse ni.

"Ɗana, duhun nan guda nawa ne a allon?"

"Biyu ne, Baba."

"To, ba daga waje ba ne. Kwandensa ce ta bushe."

Ya bayyana mini cewa idan wutar gari ce take yoyo kai tsaye, misali ta wayar da ta haɗa na'urori biyu, duhu ɗaya ake gani, domin sau 50 take kaɗawa. Idan kuwa ta riga ta bi ta dayod huɗun da ke miƙar da ita, kaɗawar takan ninka ta zama 100, sai a ga biyu, kuma aikin babbar kwandensa shi ne ta cike waɗannan ramuka kamar yadda tankin ruwa ke sa famfo ya zuba bai ɗaya ko da injin yana turowa da tsalle. Idan ruwan cikinta ya ƙafe saboda shekaru da zafi, ta daina riƙewa.

Tubalin yana fitar da wuta iri biyu, bolt 5 miƙaƙƙiya da bolt 9 mai kaɗawa, kuma a cikin kwamfutar ake miƙar da ta biyun don ciyar da ɓangaren hoto. Baba ya ɗora mitarsa a kan bolt 5 ya same ta lafiya, sannan ya kwance sukurori ya bi layin bolt 9 har zuwa wata doguwar kwandensa da ke kwance a kan allon. A ido babu abin da ya same ta, ba ta kumbura ba, ba ta zubar ba. Maimakon ya cire ta nan take, sai ya ɗauko sabuwa mai irin ƙarfinta ya jingina ƙafafunta a kan na tsohuwar, yana kula da ɓangaren da ke da alamar ragi, muna kallon ƙaramin talabijin ɗinsa. Duhun ya ɓace. Wannan gwaji ya burge ni fiye da gyaran kansa, domin ya tabbatar da mai laifi kafin ya narkar da dalma ko ɗigo ɗaya. Ya sauya ta tare da wasu ƙanana biyu na kusa da ita, ya ce tsararta ne, ba za su daɗe a bayanta ba.

Ni na ja hankalinsa ga tubalin, saboda an san irinsa da mugun hali: an cike cikinsa da daskararren ƙaro ta yadda ba ya buɗuwa, kuma idan ya tsufa bolt 5 ɗinsa yakan haura ba sanarwa ya ƙone ƙwayoyin ƙwaƙwalwar kwamfutar. Mun yi da shi zai haɗa mini wani sabo, zan sayo taransfoma mai bolt 9 a Sabon Gari ranar Litinin, tare da filogi mai zagaye na ramin bidiyo da ke bayan kwamfutar, domin a yi mini wayar AV in rabu da hanyar eriya gaba ɗaya.

An dawo da wuta bayan magariba. Na auna tubalin sau ɗaya kafin in kunna, na zare cajar uwargida na kai mata ɗaki, muka zauna da babban ɗana. Filin ya fito kore shar, sai wasu siraran layuka a tsaye da ba a gani sai an matso kusa, waɗanda daga ƙwayar hoton kwamfutar suke, tun tana sabuwa haka take. Yaron ya yi dariyar 'yan wasan, ya ce kamar an gina su da bulo, sannan ya zura mini uku ba ko ɗaya, ya ce a sake.