Asabar, ranar juye sito

Murfin babbar tukunya ne ya jawo. Jiya da daddare na shiga sito nemansa, na fi minti ashirin ina ɗaga wannan ina ture wancan, ban fito da komai ba sai atishawa. Da haushin na kwana. Yau ana idar da sallar asuba na ɗaure hanci da ɗankwali, na wangale ƙofa da taga.

Komai sai ya fito tsakar gida. Mai gyara ɗaki kaya na ciki, sauya musu lungu kawai yake yi. Tabarma uku na shimfiɗa: ta abin da ake amfani da shi, ta abin bayarwa, sai ta 'yan gwangwan da bola. Ba na yin ta huɗu, domin da zarar an buɗe ƙofar "bari in yi shawara", rabin kayan ciki za su koma.

Waken ya fi ba ni takaici. Buhun na zaune a kan siminti, jingine da bango, duk daminar nan yana shan laima, gindinsa ya yi fumfuna, ƙwari kuma sun fara huda na sama. Buhun hatsi yana son katako a ƙarƙashinsa, da tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da bango, don iska ta zagaya kuma tsintsiya ta shiga. Wanda ya tsira na shanya har la'asar, na bari ya huce, na ɗura a jarka mai lita 25 har wuya, na sa leda a baki na murɗe murfi. In iska ba ta shiga, ƙwarin ciki da kansu suke mutuwa, ba sai an barbaɗa wani magani ba. Amma sai waken ya bushe ƙayau, kuma ba a yi ta buɗewa ana ɗiba. Na ware tiya biyu a bokiti don girkin yau da gobe.

Kwalaye huɗu a ƙasa, gara ta cinye gindin biyu, har ta yi hanya a jikin bango. Kwali ba ma'aji ba ne, abincinta ne. Ledar magunguna kuma: na ɗigawa a ido da aka buɗe tun azumi, alhali sati huɗu ne iyakarsa bayan buɗewa, da ragowar maganin yara na gari da aka riga aka dama da ruwa, wanda ba ya wuce sati ɗaya zuwa biyu. Duk sun tafi. Kafur ɗin da ke warwatse cikin tsofaffin zannuwa ma na tsince shi tas, yaro na iya ɗauka alewa ce, kuma bai kamata ya kusanci kayan jariri ba.

Har nan ina cikin nishaɗi, rediyo na yi, ina bin waƙa. Sai ga Gwaggo da hantsi.

Ta tsaya a bakin zaure tana kallon tsakar gidan. "Ke 'yar nan, tashi za ku yi ba mu sani ba?"

"A'a Gwaggo, sannu da zuwa. Gyara nake."

Idonta ya sauka kan tabarma ta biyu, inda na jera kwallaye da langa da samira na jerena. Ta sunkuya ta ɗaga murfin babbar, ta shafa wurin da fentin ya ɓantare tsatsa ta kama.

"Waɗannan fa?"

"Bayarwa zan yi, Gwaggo. Shekara tara ko tuwo ba a taɓa zubawa a ciki ba. Kuloli ake amfani da su yanzu."

"Ajiya maganin wata rana," in ji ta. Ta mayar da murfin a hankali. "Da kuɗin ƙuli da man gyaɗa mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ta tara su. Ɗaya-ɗaya. Ni na raka ta sayen wannan."

Na ce amin. Ban ƙara ko kalma ba, domin duk hujjojin da nake da su sun yi min nauyi a baki. Kuma hujjojin gaskiya ne. Kwanukan nan su suka cinye kantar sama gaba ɗaya, shi ya sa buhu ya sauka ƙasa, shi ya sa wake ya lalace. A bayansu kyankyasai suka yi gida, kashinsu da ƙurar da ke taruwa a wurin suna cikin abin da ke tayar wa Auta tari. Shekara biyu tsintsiya ba ta ga ƙarshen ɗakin ba. Kuma duk sanda na wuce ƙofar sai na ji kamar ana bina bashi. Amma yaya za ki faɗa wa wadda ta raka sayen kwalla cewa kwallar ta tare hanya?

A ƙarshe na ɗauke langa ɗaya mai furen ja, na wanke, na zuba dabino na ɗora a falo. Gwaggo ta ɗaure biyu a gefen mayafi ta tafi da su, ita da ɗakinta ya fi siton nan cika. Sauran za su je gidan maƙwabta da ke shirin aurar da 'ya, in sun so.

Yanzu sito ya koma fes. Buhuna a kan katako, jarka a kusurwa, abin da ake taɓawa kullum daidai kai hannu, mai nauyi a ƙasa. Shara minti biyar. Da magariba na shiga ba fitila na ɗauko gishiri ban yi tuntuɓe ba, kuma warin rima ya ragu sosai. Jikina ya yi sakayau, wannan ba ƙarya.

Sai dai tun bayan isha'i nake zaune ina kallon langar. Ban san ko ita ce wadda Inna ta fara saya ba, kuma ban tambayi Gwaggo ba.

Murfin tukunya kuwa ba ya cikin siton. Tun Laraba Auta take ba kaji ruwa a ciki.