Yadda muka fitar da mutum biyar na shataranj a Jidda, da rigimar adadin wasa

Bara aka ɗora min aikin zaɓen 'yan wasa, ni da wasu mutum biyu, mu fitar da waɗanda za su wakilci Hausawanmu na Jidda da Makka a wata gasar shataranj, wato ces, da baƙi mazauna nan suke haɗawa tsakaninsu. Akwai 'yan Sudan, akwai Misirawa, akwai 'yan Filifin da Indiyawa, su kam waɗannan biyun kar ma ka so ka haɗu da su. Tsarin irin na Olimfiyad, gasar shataranj ta ƙasashen duniya, aka ɗauko, huɗu suna kan allo ɗaya yana jira a gefe, to mu ma sai muka ce bari mu yi abin kamar yadda ƙasashe suke yi, kar a ce an yi son kai.

Da na fara bincike sai na ga ashe FIDE, hukumar wasan ta duniya da aka kafa a Faris tun 1924, ba ruwanta da wanda ƙasa za ta turo. Kowace ƙasa ita take tsara yadda za ta zaɓi nata, wasu su bi maki, wato lambar da take nuna ƙarfin ɗan wasa, wasu su bi gasar ƙasa, wasu su gauraya. Amma da yawa suna ƙara sharaɗi guda, sai ka buga wasa kaza cikin lokaci kaza kafin a kalli makinka. Dalilin a fili yake, makin shataranj ba ya ruɓewa. In ka daina wasa yau yana nan yadda ka bar shi, abin da FIDE take yi kawai in ka yi wata 12 ba ka buga wasan da ake lissafawa ba sai ta sa maka alamar cewa ba ka cikin masu bugawa. Kasparov, tsohon zakaran duniya, ya ajiye wasa tun 2005 amma har yanzu 2812 ne a gaban sunansa. Kenan mutum zai iya hawa sama ya naɗe hannu yana gadin makinsa, wanda yake fita kullum yana ci ana cinsa shi ne zai yi ta gangarowa.

Mu ba mu da makin FIDE sai mutum ƙalilan, namu na cikin gida ne, wani ɗan uwa yake lissafa mana a kwamfuta duk daren Juma'a in mun haɗu a istiraha, wato wurin hutawar da muke taruwa. Sai muka rubuta cewa duk mai son shiga sai ya kasance ya buga wasa 15 cikin wata 12 da suka wuce, muka tura a guruf ɗin WhatsApp. Ko awa ba a yi ba waya ta fara ƙara.

Wanda dokar ta fara kamawa shi ne dattijon da duk muke kira Kawu, shi ya koya wa rabinmu yadda doki yake tafiya, shagonsa na wajen Bab Sharif nan ne makarantarmu ta farko, kuma har ranar shi ne na ɗaya a jerin. Amma ya yi shekaru bai zauna gasa ba. Na je na same shi da kaina don irin wannan magana ba a yin ta a waya. Ya zuba min shayi yace, "Ɗana, yanzu ni za ku ƙirga wa wasa?" Nace, "Kawu, Allah ya ƙara girma, ba iyawarka muke ƙirgawa ba, in muka ɗage maka yau gobe ba mu da bakin hana wani." Yayi shiru, can yace to kawo allo. Ya ci ni sau biyu a jere ba tare da ya ajiye kofinsa ba, yace a rubuta masa biyu, saura 13.

Wasa yake yi amma ya taɓo ainihin inda dokar take da rami. Mun faɗi adadi ba mu faɗi wane irin wasa ba. Cikin sati biyu sai ga wasu samari biyu 'yan ɗaki ɗaya sun kawo takarda wai sun buga 15 tsakaninsu, yawanci canjaras. Wani ya turo hoton wayarsa, ya buga ɗaruruwa a Lichess, manhajar buga shataranj ta intanet, na minti uku-uku, yace ai shi ya fi kowa cika sharaɗi. Wani kuma ya tara yaran unguwa masu koyo yana ta lallasa su yana rubutawa.

Kar ma ku ga laifinsu sosai, manyan duniya sun yi irin ta. A 2022 da aka dakatar da Karjakin na Rasha gurbi ya buɗe a gasar da take fitar da mai ƙalubalantar zakaran duniya, Ding Liren na Sin shi ne mai maki mafi yawa a masu jira, amma dokar tace sai wasa 30 cikin shekara, shi kuma saboda korona 4 kacal ya buga. Hukumar ƙasarsa ta haɗa masa gasa uku a gurguje, a Maris da Afrilu ya cike sauran 26 har da ɗori. Ya je gasar a Madrid ya zo na biyu, Carlsen, zakaran duniya na lokacin, yace shi ba zai kare kambunsa ba, a 2023 Ding ya doke Nepomniachtchi, wanda ya zo na ɗaya a Madrid, a Astana ya zama zakaran duniya. Nakamura na Amurka ma a 2025 da ake neman wasa 40 don shiga irin wannan gasar sai ya riƙa bin ƙananan gasa a jihohin Amurka, su Luwiziyana da Ayowa, yana buga wa mutanen da ya fi su da ɗaruruwan maki. Dukansu ba wanda ya karya doka. Labarin Ding ɗin nan ya daɗe yana min yawo a kai, don in da an tsaya a kan cewa wanda bai buga ba ya yi tsatsa, da ba a ga sarautarsa ba. Duk da haka ina nan a kan ra'ayina cewa sharaɗin yana da amfani, don ba kowa ne Ding ba, kuma shi ma ai sai da ya zauna ya buga su.

Sai muka sake zama muka gyara. Wasan da za a ƙirga sai na gaba da gaba a kan allo, da agogo, aƙalla minti 25 kowane ɓangare, kuma kar ka buga fiye da uku da mutum ɗaya. Na waya mun cire shi gaba ɗaya, nan ne na sha zagi a wajen samari, amma wallahi na ga abin da idona. Yaron da ya saba da waya zai taɓa waziri, ɗaya daga cikin kayan da ake tafiya da su a kan allo, ya fasa, a gasa kuwa abin da ka taɓa shi za ka tafi da shi. Zai manta ya danna agogo lokacinsa na ta tafiya, bai iya rubuta tafiyarsa a takarda ba, wayar ma in ta yi ƙara a aljihunsa an cinye shi kenan. A Olimfiyad ana ba mutum minti 90 na tafiya 40 na farko, zagaye 11 ake yi, zaman kansa ma wani horo ne daban.

Abu na biyu da bai zo mana a rai ba sai da mutanen Makka suka yi magana shi ne lokaci. Su daga Shawwal har bayan Hajji ba su da kansu, masu aikin otal, direbobi, masu hidimar alhazai a wajen Shari Mansur, wasu ko barcin kirki ba sa samu balle shataranj. Ga masu tafiya gida hutu su yi wata uku a Kano ko Damagaram, ga wanda dawam ɗinsa, wato lokacin aikinsa, na dare ne. In ka ce wata 12 cif ka ba 'yan Jidda shekara ka ba na Makka abin da bai kai ba. Muka mayar da shi wata 18, adadin muka bar shi yadda yake, sannan muka ƙara zama a daren azumi bayan tarawihi tunda lokacin kowa idonsa biyu har sahur.

Gurbi ɗaya cikin biyar ɗin kuma muka bar shi a hannun kwamiti, a ba wanda uzuri na gaskiya ya hana shi cikawa, rashin lafiya ko tafiya, amma da sharaɗin a faɗi dalili a guruf kowa ya gani. Nan ne kawai nake jin tsoro har yanzu, don ƙofar alfarma in ta buɗe da wuya ta rufu, shi ya sa muka ce ɗaya tak.

Kawu bai karɓi gurbin ba, yace shi ba mara lafiya ba ne. Ya buga bakwai ya tsaya, idonsa ba ya jure dogon zama da daddare, sai ya bi mu a matsayin mai jagorantar tawaga, shi yake faɗin wa zai zauna allo na nawa. Mun ƙare a tsakiyar tebur, mun ci wasu an ci mu, Indiyawa sun mana huɗu da nema, amma ba wanda agogo ya cinye a cikinmu.

Na bana tun a Muharram muka liƙa dokar a saman guruf, kafin a san wa zai kasance a sama wa zai kasance a ƙasa, kuma mai lissafi yana turo adadin kowa duk ƙarshen wata. Samarin nan biyu 'yan ɗaki ɗaya yanzu su suke fara zuwa istiraha neman abokin wasa, ɗayan har ya wuce 20.