Farar shadda ce ta koya mini saita filashi da hannu

A wata liyafar biki na ga abin da ya dame ni. Ango da abokansa sun sha farar shadda, filashina kuma yana kan TTL, wato kyamara ce ke auna masa haske. Da na zauna duba hotuna da daddare, sai na tarar fuskoki sun yi duhu, shaddar ta koma ruwan toka. Ashe idan fari ya cika hoto, kyamara ɗauka take haske ya yi yawa, sai ta rage wa filashi ƙarfi. A hotunan ƙawayen amarya masu anko mai duhu kuwa, ƙarawa ta yi har goshi na ƙyalli. Abin ya yi mini ciwo, domin ranar biki ba ta dawowa.

Washegari na zaunar da ƙanena a falo da farar jallabiya, na mayar da filashi kan M, wato ni ne zan saita ƙarfinsa da hannu. Ƙarfinsa daga 1/1 yake sauka zuwa 1/128, kowane mataki rabin na gabansa. Na sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a kan 400, ƙofar lens f/4, saurin ɗauka 1/160, na fara da 1/16 yana nesa da ni mita 2. Haske ya ɗan yi wa hoton yawa, na rage zuwa 1/32, fuskarsa ta fito da kalarta ta gaskiya. Na ce ya canza riga baƙa, na sake ɗauka ban taɓa komai ba. Fuskar tana nan yadda take.

Sai na ce ya ja baya zuwa mita 4. Na zaci rabin hasken zai tafi, ashe kashi ɗaya cikin huɗu kawai ke kai masa, sai da na ɗaga zuwa 1/8 kafin ya dawo daidai. Tun ranar nake auna tazara da ƙafata kafin in taɓa maɓalli.

Saurin ɗauka ma ya ba ni mamaki. Na sauke shi zuwa 1/60, hasken fuskar kusan bai motsa ba, labule da fitilun baya ne suka bayyana. Da na haura 1/250 kuma, baƙin layi ya yanke ƙasan hoton.

Yanzu a wurin biki, in silin fari ne kuma ba ya da tsawo, can nake harba hasken ya sauko a hankali, in ƙara ƙarfi mataki biyu. Ina guje wa 1/1, domin kafin batir ya sake cika filashi an gama liƙin da nake jira. Gara in ɗaga ISO zuwa 800. A filin rawa, inda mutane ke matsowa suna ja da baya, nakan koma TTL, amma da an jeru hoton dangi, M nake murɗawa.