Maganar da ta hana ni barci

Akwai wata 'yar'uwa a zumuntar mata da ta yaɓa min magana ranar Laraba bayan sujada, kalma biyu ce kawai fa, amma har ƙarfe biyu na dare ina kwance ina juya ta a raina, ina shirya amsar da zan ba ta, in gyara in sake gyarawa, kamar tana gabana. Ita kam tana gidanta tana barcinta.

Da asuba na buɗe Littafi Mai Tsarki, Filibiyawa 4:8. Na sha karanta ayar nan tun muna makarantar Lahadi, amma ban taɓa lura sosai ba cewa Bulus yana ɗaure a kurkuku ya rubuta ta, mutumin da ke da dalilin ƙorafi ɗari, shi ne yake cewa mu sa tunaninmu kan abin da yake gaskiya, mai tsarki, abin ƙauna. Sai jikina ya yi sanyi.

Na yago takarda daga tsohon littafin 'yata, na rubuta ayar da biro na manna a bango kusa da murhu. Duk sanda maganar ta dawo ina tuƙa tuwo sai in ɗaga kai in karanta da ƙarfi, in tambayi kaina, wannan tunanin gaskiya ne ko zato na ne? Yawanci zato ne. 2 Korantiyawa 10:5 ta yi maganar kama kowane tunani ya yi biyayya ga Almasihu, ni dai ranar farko na kama shi ya fi sau goma yana kuɓucewa.

Ranar Lahadi ni na fara gaishe ta, muryata na rawa.