Tafiyata zuwa Strachur, ƙauyen Fitzroy Maclean

Da hantsi muka bar Glasgow a motar yayana, ana ɗan yayyafi. Muna bin gefen tafkin Lomond na fara ba shi labarin mutumin da ya sa na dame shi da maganar wannan tafiya, wato Sir Fitzroy Maclean.

"Yaya, mutumin nan fa daga kurtu ya fara, kafin a gama yaƙin duniya na biyu ya kai birgediya."

Ya ce, "Ɗan manyan gida a kurtu? Ƙanena, sake dai bincika."

Haka abin yake kuwa. A Alƙahira aka haife shi a 1911, ya yi wa Birtaniya aikin jakadanci a Mosko zamanin Stalin. Da yaƙi ya ɓarke, ma'aikatarsa ta hana shi shiga soja, sai dai in siyasa zai tafi. Ya ce to siyasar zai shiga, ya ajiye aiki, ya zarce aka ɗauke shi a rundunar Cameron Highlanders. A 1941 ya ci kujerar Lancaster a majalisar dokokin Birtaniya yana cikin kaki. Wannan wuri na labarinsa ya fi burge ni, domin da ya so, da a ofis zai ƙare yaƙin.

Bayan ƙauyen Arrochar hanya ta fara hawa tsakanin duwatsu, har muka kai wani tudu da sunansa ke nufin "huta ka yi godiya". Sojoji ne suka fara shimfiɗa hanyar. Nan muka tsaya muka sha shayi daga fulas, hazo ya sauko har ba ma ganin tumakin da muke jin kukansu.

Strachur ƙaramin ƙauye ne a bakin Loch Fyne, wani hannun teku da ya kutsa cikin ƙasa. Ga masaukin Creggans nan, farin gini a bakin titi, wanda Maclean da matarsa Veronica suka daɗe suna gudanarwa. Muka zauna kusa da taga aka kawo mana kifi. Ina kallon ruwan nan shiru, ina tuna cewa tsohon mai wannan gida ne ya diro da laima a Yugoslabiya a watan Satumban 1943, Firaminista Churchill ya aike shi wurin Tito, jagoran dakarun 'yan gurguzu masu yaƙar Jamus. Rahotonsa na cikin abin da ya sa Birtaniya ta juya wa Mihailovic, jagoran dakarun masu goyon bayan sarki, baya ta koma taimakon dakarun Tito, kuma har yau akwai masu ganin laifinsa. Ni dai ina ganin ya faɗi abin da idonsa ya gani ne. Daga baya ya wakilci mazaɓar Bute da Arewacin Ayrshire a majalisa daga 1959 zuwa 1974, ya rasu a 1996.

Bayan la'asar muka sauka bakin ruwa, ƙananan ƙudajen nan masu cizo suka yi mana rubdugu. Yaya ya ja hularsa ya rufe kunnuwa, ya ce mu kama hanya kafin hazo ya toshe tudun nan.