Ranar da na juye man giyar motata a ƙofar gida

Motata Corolla ce ƙirar 2006 mai giya atomatik, kuma da ita nake zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi da Jega. Cikin zafin watan Afrilu na lura tana jinkiri kafin ta canza giya, idan ta tashi canzawa kuma sai ta fizge ni. Da na zaro gejin giya, wato sandar auna man, na goga a farin tsumma, sai na tarar man da aka sani ja ne ya koma kalar shayi, ko da yake bai kai ga yin ƙauri ba.

Samun man da ya dace ya fi aikin kansa wahala. Wani mai shago ya miƙo mini galan yana cewa, "Alhaji, ai duk ja ne." Na ƙi karɓa, domin a jikin gejin an rubuta T-IV, wato nau'in man da Toyota ta tanadar wa wannan giyar. Honda tana da nata, masu giyar CVT, wani nau'in atomatik, ma nasu daban ne.

Washegari da sassafe na ɗan zaga da motar don man ya yi ɗumi, na tsayar da ita a wuri mai daidai, na ɗaga gabanta, na tokare da kututture, tunda mai hankali ba ya kwanciya a ƙarƙashin motar da jek kaɗai ke riƙe da ita. Na kwance notin ƙasa, man ya tsiyaye cikin roba, na auna shi da gorar ruwa, ya ba ni lita 3 da ɗan ɗoriya. Iyakar abin da ya fita na mayar ta bakin gejin da mazurari, domin yawan man yana sa shi kumfa, ƙarancinsa kuma yana sa giya santsi.

Wannan juyewar ba ta fitar da man duka, saboda kusan rabinsa yana maƙale a cikin kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giya. Shi ya sa da na tayar da injin, na taka birki na bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, na dawo P, wato fakin, na duba gejin injin yana aiki, sai na ga jan bai fito sosai ba. Fizgar ta ragu ƙwarai. Na ajiye ragowar man a ɗaki, bayan sati biyu zan sake juyewa.