Kada ka wuce Jidda ba ka taka Balad ba

Ƙannena masu shirin Umara, da yawanmu filin jirgi da kasuwa kawai muka sani a Jidda. Alhali tsohon garin, wanda mutanen can ke kira Balad, shi ne ƙofar Makka ta teku tun shekarar 647, lokacin da Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya mai da shi tashar jiragen ruwan mahajjata. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2014.

Kada ka je da harami a jikinka. Kammala Umararka tukuna, domin kasuwannin cike suke da turare, mai shago kuma zai iya shafa maka a hannu kafin ka buɗe baki.

Abin da ya fi ɓata ziyarar shi ne zuwa da tsakar rana. Zafin Jidda mai gumi ne saboda tana bakin Bahar Maliya, kuma shaguna da yawa suna rufe daga azahar zuwa la'asar. Ranar Juma'a da safe ma haka. Ka isa bayan la'asar, ka samu awa guda da rabi na haske, sauran ka yi shi cikin fitilu.

Sauka daga mota a ɗaya daga ƙofofin tsohon garin, Bab Jadid ko Bab Makka, ka shiga da ƙafa, don lungunan ba na mota ba ne. An rushe ganuwar garin a 1947, ƙofofin ne suka rage maka alama. Sa takalmi mai daɗin tafiya, riƙe gorar ruwa.

Idan ka shiga, ɗaga kai. Darajar Balad a sama take: gidaje masu hawa huɗu da biyar, da tagogin katako da suka turo waje, waɗanda ake kira rawashin. Sassaƙarsu tana shigar da iskar teku, tana tare rana, matan gida kuma su ga titi ba a gan su ba. Bangon na dutsen murjani ne da aka haƙo daga bakin teku, ana jera katako a tsakani don ya ɗauki nauyi. Dutsen ba shi da ƙarfi, danshi da gishiri suna cin sa, shi ya sa za ka ga wasu gidajen sun karkata an tokare su. Inda aka killace don gyara, kada ka tsallaka don ɗaukar hoto.

Ka ba gidan Nasif, ɗaya daga tsoffin gidajen Balad, lokaci. An gama shi a 1881, Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa Saudiyya, ya sauka a cikinsa a 1925. Duba faɗin matakalarsa, an ce har raƙumi kan hau da kaya, ga tsohuwar darbejiya a ƙofar gidan. Daga nan ka nufi masallacin Shafi'i a unguwar Mazlum, ka yi magariba a can.

Sayayya a kasuwar Alawi ta zo ƙarshe. Wanda ya fara da ita, ledoji za su cika masa hannu, ya gaji bai ga komai ba. Ka taya, kada ka biya kuɗin farko.

Maɓulɓular ruwa ta Sarki Fahad da masallacin Rahma da ke kan teku ba kusa da Balad suke ba, sai da mota. Ware musu wani yammacin daban.